Ina Maganin Ciwon Daji Yake Tafiya Bayan Ya Shiga Jiki?

Wata ranar awo, bayan mun gama jawabin safe mata sun shiga layin gwajin jini, sai wata yarinya mai cikin fari ta tsaya a bakin ƙofa har kowa ya watse. Cikinta wata biyar. Ta ce, "Sista, don Allah tambaya gare ni, amma ba a kan cikina ba ne." Ashe surukarta ce aka gano tana da ciwon daji na nono, an fara yi mata ƙarin ruwan maganin nan da ake kira kemo, kuma ita ce mai jinyarta a gida. Ita ke zubar da fo, ita ke wanki. Daren ranar da aka sa wa tsohuwar ruwan farko sai fitsarinta ya fito ja kamar zoɓo. Gida ya rikice. Wasu suka ce jini ne, maganin ya fasa mata wani abu a ciki. Wata maƙwabciya kuma ta ce mai juna biyu ba ta kwana gida ɗaya da mai karɓar wannan magani, gara ta tattara ta koma gidan iyayenta.

Duka maganganun biyu ba daidai ba ne, amma tsoron yarinyar yana da tushe. Maganin kemo yana da ƙarfi, kuma ba ya narkewa ya ɓace a cikin jiki haka nan. Yana da hanyar shiga, yana da wuraren da ake sarrafa shi, yana da ƙofofin fita. Wanda ya san waɗannan ƙofofin zai san abin da ya kamata ya kiyaye, ya kuma san abin da bai kai a tayar da hankali a kansa ba. Shi ya sa na ga ya dace in yi wannan bayani ga 'yan'uwana masu juna biyu da iyalansu, domin da wuya a yau ka sami dangi babba da ba wanda wannan ciwo ya taɓa, kuma mu mata mu ne masu jinya.

Shigar maganin

Kemo suna ne na tarin magunguna masu kashe ƙwayoyin halittar jiki da ke saurin rarrabuwa suna hayayyafa. Ƙwayoyin ciwon daji haka suke. Sai dai ba su kaɗai ba ne: ɓargo mai ƙera jini, da saiwar gashi, da fatar cikin baki da ta hanji, duk suna saurin sabuntawa. Ɗan da ke cikin ciki kuwa ya fi su duka. Ki riƙe wannan, domin shi ne dalilin duk wata ƙa'ida da zan ambata game da mai ciki.

Yawancin magungunan ta jijiya ake ba da su, saboda haka kai tsaye suke faɗawa cikin jini. Zuciyar babban mutum tana harba jini kimanin lita 5 a kowane minti, wato kusan duk jinin jikinsa, don haka cikin 'yan mintoci maganin ya zagaya ko'ina. Waɗanda ake haɗiya kuma sai sun bi ta hanji, daga nan jini ya kai su hanta tukuna kafin su wuce sauran jiki. Ba a auna wa mutum maganin da ka. Ana auna tsayinsa da nauyinsa a fitar da faɗin jikinsa, sannan a duba sakamakon gwajin jini. Wannan gwajin da majinyata ke ƙorafi a kansa, wai kullum sai an ɗebi jini kafin a sa ruwa, ba neman kuɗi ba ne. Likita yana son ya san halin da ɓargo yake ciki, da kuma halin gaɓoɓi biyun da za su ɗauki nauyin fitar da maganin, wato hanta da ƙoda.

Aikin hanta

Hanta ita ce babbar ma'aikatar sarrafa magani a jiki. Tana da wasu sinadarai da ake kira enzayim, waɗanda ke kama ƙwayar magani su sauya mata kama, su mai da ita abin da ruwa zai iya narkarwa domin ƙoda ta tace, ko kuma hantar ta zuba shi cikin ruwan ɗacin da take turawa hanji, ya fita ta bayan gida.

Jan maganin nan da ya tsorata gidan su yarinyar sunansa dokzorubisin, ko Adriamycin. Asalinsa daga wata ƙwayar halitta ce da aka samo a cikin ƙasa a Italiya, kuma launinsa ja ne tun a cikin kwalba. Kaɗan ne daga cikinsa yake bi ta fitsari, bai wuce kashi 5 zuwa 12 cikin 100 ba, amma ɗan wannan ya isa ya rina fitsari na kwana 1 zuwa 2. Kaso mafi girma ta hanta yake bi: kimanin kashi 40 cikin 100 yakan fita cikin ruwan ɗaci a kwanaki 5 na farko. Binkiristin, wanda ake yawan ba yara masu ciwon daji, da fakilitaksel da ake ba masu ciwon nono da na kwan mahaifa, su ma yawancinsu ta bayan gida suke fita. Shi ya sa idan idon majinyaci ya yi rawaya, alamar shawara, likita yakan rage adadin irin waɗannan magunguna ko ya ɗaga ranar, domin hanyar fitarsu ta cushe, in aka ba da cikakken awo zai taru ya yi ɓarna.

Wani abin mamaki shi ne, akwai magungunan da hanta ce take tayar da su daga barci. Saikulofosfamaid, wanda ake yawan haɗawa da jan maganin nan wajen ciwon nono, ba ya kashe komai a yadda yake shiga jiki. Sai hanta ta sarrafa shi sannan yake zama makami. A cikin wannan sarrafawa ne ake samun wani ɓurɓushi mai suna akurolin, wanda ke bi ta ƙoda ya sauka mafitsara, kuma idan ya daɗe a kwance a can yana ƙona fatar mafitsarar har ta yi jini. Dalilin ke nan da ake so a ba da shi da safe, majinyaci ya yi ta shan ruwa, ya riƙa zagayawa a kai a kai, kada ya riƙe fitsari, kuma ya yi fitsari kafin ya kwanta barci. Idan awon mai yawa ne akan haɗa da wani magani mai suna mesna domin kare mafitsara. To a nan ne 'yan gidan da suka ce jini ne suke da ɗan gaskiya. Jan da ya wuce kwana 2, ko ya zo da gudaji, ko da zafi wajen fitsari, ba rinin magani ba ne, a dawo asibiti.

Ƙwayar kafesitabin, wadda wasu suka sani da Xeloda, ita ma haka take: sai jiki ya sauya ta mataki uku kafin ta koma fuloroyurasil, ainihin mai aikin. Shi kuma wannan wani enzayim guda ɗaya ne, da ake taƙaita sunansa DPD, yake rusa fiye da kashi 80 cikin 100 nasa. Akwai mutanen da aka haifa da ƙarancin wannan enzayim. Su awon da kowa ke ɗauka lafiya sai ya zame musu guba: gudawa mai tsanani, gyambon baki, da faɗuwar jini tun a zagayen farko. A shekarar 2020 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar a riƙa gwada majinyata kafin a fara ba su shi. Inda ba a samu yin gwajin ba, idon iyali shi ne gwajin. Wanda ya fara wannan ƙwaya ya kama gudawa sau da yawa a rana, ko bakinsa ya sale har ba ya iya cin abinci, ya dakatar da ita ya zo a duba shi, kada ya ce bari ya daure ya ƙarasa kwalin.

Enzayim ɗin hanta ba maganin kemo kaɗai suke yi wa aiki ba, kuma wasu magunguna suna iya ƙara musu sauri ko su rage. Rifamfisin na tarin fuka yana hanzarta su, sai wasu magungunan kemo su fice kafin su gama aiki. Wasu magungunan ƙaiƙayin gaba da na makero, irin su itirakonazol, da wasu daga cikin magungunan cutar ƙanjamau, suna danne su, sai maganin ya daɗe ya taru. Saboda haka ranar ganin likita a zuba duk abin da majinyaci yake sha a leda a zo da shi, har da jiƙe-jiƙe da garin magani da 'yan dubiya suke kawowa. Ba na raina kowa, amma babu wanda ya san abin da jiƙon da ba a auna ba zai yi wa hantar da ta riga ta ɗauki kaya. Haka kuma ciwon hanta nau'in B, wanda binciken ƙasa na 2018 ya nuna yana jikin kimanin mutum 8 cikin 100 na manya a Nijeriya, yana iya kwanciya shiru shekaru, kemo ya raunana garkuwar jiki ya tayar da shi. Don haka ake gwada shi kafin a fara, a ba wanda yake da shi maganin kariya.

Ƙoda da ruwan sha

Ƙodoji biyu suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a kowace rana, su mayar da kusan duka, su fitar da kimanin lita ɗaya da rabi a matsayin fitsari. Wasu magungunan kemo ba ruwansu da hanta sosai, ƙoda ce kawai ƙofarsu.

Na fi son in yi misali da metotireksat, domin shi ne maganin kemo da ya fi kusa da mu ungozomomi. Muna haɗuwa da shi idan ciki ya zauna a bututun ƙwai maimakon mahaifa kuma an gano da wuri, sai a yi allurarsa maimakon tiyata. Muna kuma haɗuwa da shi bayan irin cikin nan da mabiyiya ke lalacewa ta zama ƙulle-ƙullen ruwa kamar 'ya'yan inabi, wanda wani lokaci yakan rikiɗe ya zama ciwon daji. Da can wannan ciwo kisa yake yi cikin watanni. A 1956 wani likita mai suna Min Chiu Li, a Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Ƙasa a Amurka, ya ba wata mata mai irin wannan ciwo da ya riga ya bazu zuwa huhu metotireksat, ta warke. Ana lissafa shi a matsayin karo na farko da magani kaɗai ya warkar da ƙullutun ciwon daji da ya bazu. Yau mafi yawan matan da ke da wannan ciwo suna warkewa, har su sake haihuwa.

Idan aka yi allurar metotireksat ta jijiya, kashi 80 zuwa 90 cikin 100 yana fita ta fitsari cikin awa 24 ba tare da ya sauya kama ba. Ma'ana, duk abin da ya rage wa ƙoda ƙarfi ya tsare maganin a jiki ke nan. To mene ne ke rage mata ƙarfi? Rashin ruwa shi ne na farko: amai, gudawa, ko zafin bazara da mutum ke zufa bai sha ruwa ba. Na biyu magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis kamar gyaɗa, irin su Brufen, da Feldene, da dikulofenak, da asfirin. Septrin ma haɗari ne babba tare da shi, domin su biyun suna taruwa su danne ɓargo. Sannan idan majinyaci yana da ruwa da ya taru a ciki ko a ƙirji, maganin yakan shige cikin ruwan ya ɓuya, ya riƙa tsiyayowa a hankali bayan an ɗauka ya fita.

Ga wani abu da ya shafe ku kai tsaye. Metotireksat yana aiki ne ta hanyar tare hanyar sinadarin folik asid. Ƙaramar ƙwayar nan rawaya da muke ba ku a wurin awo folik asid ce. Matar da aka yi wa allurar saboda ciki a bututu sai ta ajiye wannan ƙwaya da sauran magungunan ƙarin jini masu ɗauke da ita har likita ya ce ta ci gaba, in ba haka ba tana warware aikin allurar da hannunta.

Sisfilatin, wanda ake haɗawa da gashin wuta wajen ciwon bakin mahaifa, shi ma ta ƙoda yake fita, kuma yana iya yi mata rauni a kan hanyarsa. Shi ya sa za ki ga an rataya wa majinyaci leda bayan leda ta ruwa kafin a sa maganin da kuma bayansa, har ya gaji da kwanciya. Ruwan nan ba cika lokaci ba ne, wanke ƙoda ake yi. Allurar jentamaisin da wasu ke zuwa a yi musu a unguwa tana ƙara wa wannan rauni, a guje ta. Ɗan'uwansa kabofilatin kuwa, da ƙarfin tacewar ƙodar mutum ake lissafa awonsa kacokan, bisa wani lissafi da Hilary Calvert da abokan aikinsa suka fitar a Ingila a 1989. Mai niyyar azumi a kwanakin karɓar irin waɗannan magunguna ya fara shawara da likitansa, domin ƙodar da aka bari da ƙishirwa a ranar ba lallai ta koma yadda take ba.

Kwana nawa yake yi a jiki?

Jiki ba ya zubar da magani gaba ɗaya kamar an kifar da bokiti. Rabi-rabi yake ragewa. Kowane magani yana da tsawon lokacin da jiki ke ɗauka kafin ya rage rabinsa: 100 ya koma 50, ya koma 25, ya koma 12 da rabi, haka haka. In aka yi wannan sau 5, abin da ya saura kimanin kashi 3 cikin 100 ne. Fuloroyurasil rabinsa yana tafiya cikin minti 10 zuwa 20, don haka ne wani lokaci ake sa shi ta ɗan famfo yana ɗiga kwana biyu. Saikulofosfamaid awowi ne. Dokzorubisin yakan ɗauki awa 20 zuwa 48 kafin rabin ragowarsa ya fita, saboda yana laƙewa a cikin tsokar jiki. Sisfilatin kuwa, ƙarfen filatinam da ke cikinsa yana manne wa furotin na jiki, har an sami ɗan ɓurɓushinsa a jinin mutane shekaru da yawa bayan sun warke. Wannan ɓurɓushi ba ya cutar da na kusa da su.

Daga wannan lissafi ne aka samo ƙa'idar awa 48 da za ki ji ana faɗa: mafi yawan maganin yana fita a kwana biyun farko. Wasu asibitoci suna cewa awa 72, wasu mako guda. Ni ina ba iyali shawarar su ɗauki mako guda, musamman idan akwai mai ciki ko mai goyo a gidan, domin magungunan da ke bi ta bayan gida suna jinkiri, kuma lissafin kwana bakwai ya fi sauƙin riƙewa. Mai shan ƙwayar kemo kullum kuwa, duk kwanakin shansa kwanakin kiyayewa ne.

Amma kada a ruɗu. Fitar magani daban, ƙarewar aikinsa daban. Ɓarnar da ya yi wa ɓargo ba ta bayyana sai tsofaffin ƙwayoyin jini sun ƙare ba a sami masu maye gurbinsu ba, kuma hakan yakan faru ne tsakanin kwana 7 zuwa 14. A daidai lokacin da amai ya tsaya, majinyaci ya fara cin abinci, 'yan dubiya suka cika ɗaki, a lokacin ne sojojin jininsa suka fi ƙaranci. Zazzaɓin da ya kai 38 a ma'aunin zafi a waɗannan kwanaki ba na jira sai gobe ba ne, ba kuma na a sha farasitamol a lulluɓa ba ne. A kawo shi ko da tsakar dare ne, a faɗa wa ma'aikatan ranar da ya karɓi kemo na ƙarshe. Kowane gida mai irin wannan majinyaci ya kamata ya mallaki ma'aunin zafi. Hutun mako uku da ake yawan bayarwa tsakanin zagaye da zagaye domin ɓargo ya farfaɗo ne.

Mai ciki da jinya a gida

Yanzu mu koma ga tambayar yarinyar. Ciwon daji ba a ɗaukarsa. Zama da majinyaci, da hira, da riƙe hannunsa, da cin abinci tare, da miƙa masa jikansa ya ɗauka, duk babu laifi. Abin kiyayewa shi ne abin da ke fita daga jikinsa a wannan mako: fitsari, da bayan gida, da amai, da jini, da kayan da waɗannan suka jiƙa.

Daga ma'aikatan jinya aka fara gane haka. A 1979 masu bincike a ƙasar Finlan suka ga alamun waɗannan magunguna a fitsarin nas-nas masu haɗa su da hannu, ba safa ba kariya. Binciken da ya biyo baya a can da kuma Amurka ya nuna ɓari ya fi yawa a tsakanin masu wannan aiki da ƙaramin ciki. A Jafan kuma an sami saikulofosfamaid a fitsarin 'yan gidan majinyata da ba su taɓa karɓarsa ba. Gaskiya ne abin da mai jinya a gida ke haɗuwa da shi bai kai na wadda take haɗa maganin kullum shekara da shekaru ba. Amma tun da kiyayewar ba ta da wuya, me zai sa a yi ganganci da ɗan da gaɓoɓinsa ke kan ginuwa?

Abin da ya fi shi ne a ɗauke wa mai ciki da mai shayarwa aikin fo, da kwashe amai, da wankin kayan da suka ɓaci, a ba wani. Ta riƙe girki da sauran hidima. Duk wanda zai yi aikin ya sa safar hannu ta roba, in babu ya sa leda biyu, ya wanke hannu da sabulu bayan ya cire. Idan bayan gidan na zamani ne, a rufe murfi a kora ruwa sau biyu, namiji kuma ya zauna ya yi fitsari saboda fallatsa. Idan masai ne na rami, a wanke bakinsa da ruwan sabulu a rufe. A banɗakin da ake tsugunawa a yi fitsari a ƙasa, a kora da ruwa mai yawa, domin nan ne yara ke shiga ba takalmi. Majinyaci ya sami fo nasa da butarsa, kada a haɗa da na yara. Zanen gado da tufafin da suka ɓaci a wanke su daban a baho guda, sau biyu, a zuba ruwan wankin a masai, ba a tsakar gida ba inda yara ke rarrafe kaji ke tono.

Ƙwayar kemo ba a fasa ta, ba a daka ta, ba a buɗe kwansonta. Majinyaci ya ɗauka da kansa, ko a juye masa a murfi ko cokali. Mai ciki kada ta taɓa ta da hannu. A ajiye ta nesa da yara, ragowar kuma a mayar asibiti. Ga ma'aurata, ɗan maganin yana iya fita ta maniyyi da ruwan gaba, don haka a yi amfani da kwaroron roba a wannan mako, balle idan matar tana da ciki.

Idan mai cikin ce da kanta take da ciwon

Yana faruwa, a kimanin ciki 1 cikin 1,000, kuma ciwon nono da na bakin mahaifa da na jini su ne kan gaba. Sau da yawa ana makara, domin an ɗauki ƙullutun nono a matsayin canjin ciki. Ƙullutun da ya wuce mako 2 bai baje ba, ki nuna mana shi a wurin awo.

Ciki yana sauya lissafin da na yi a sama. Ruwan jinin mai ciki yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, ƙodarta kuma tana ƙara saurin tacewa da kusan rabi, saboda haka wasu magungunan suna tsarma kuma suna saurin fita. Shi ya sa ba a rage mata awo don tausayi, ana lissafawa da nauyinta na lokacin. Mabiyiya kuma tana da wasu 'yan famfuna da ke mayar da wasu magunguna baya zuwa jinin uwa. Dokzorubisin da fakilitaksel kaɗan ne suke tsallakawa zuwa ga ɗa, masu filatinam sun fi su wucewa.

A watanni uku na farko, lokacin da ake halittar zuciya da ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, ba a ba da kemo sai in rayuwar uwa ce ke cikin haɗari. Daga mako na 14 ana iya ba da wasu zaɓaɓɓu. Metotireksat ba ya cikinsu ko a wane wata. A 2015 Farfesa Frédéric Amant na ƙasar Beljiyam da abokan aikinsa suka wallafa binciken yara 129 da aka haifa bayan an gano iyayensu da ciwon daji suna ɗauke da cikinsu, yawancinsu an yi musu kemo. Girman yaran, da kaifin ƙwaƙwalwarsu, da lafiyar zuciyarsu har zuwa shekara 3 bai bambanta da na sauran yara ba. Abin da ya fi yi musu illa shi ne haihuwar bakwaini. Don haka yanzu likitoci sun fi son a bar ciki ya kai, a ci gaba da magani, maimakon a yi gaggawar ciro ɗa.

Ana dakatar da maganin kimanin mako 3 kafin haihuwa, kuma galibi ba a wuce mako na 35. Dalili biyu ne. Kada naƙuda ta riski uwa a kwanakin da jininta ya faɗi, ta yi zubar jini ko ƙwayoyin cuta su shige ta. Sannan muddin ɗa yana ciki, mabiyiya ce ke kwashe masa maganin ta mayar wa uwa, hantarta da ƙodarta su fitar. Da zarar an yanke cibiya, aikin ya koma kan hantarsa da ƙodarsa, waɗanda ba su gama ƙwari ba. Irin wannan haihuwa a asibiti ake yinta, ba a gida ba.

Shayarwa kuwa, ni da kullum nake wa'azin nono zalla wata 6, a nan dole in ce a dakata. Saikulofosfamaid, da dokzorubisin, da metotireksat, da sisfilatin duk an same su a ruwan nono, kuma an ga jariran da ƙwayoyin jininsu suka faɗi saboda haka. Tatsar nono a zubar kwana ɗaya ba ta wadatar ba. Ki zo mu zauna mu tsara yadda za a ciyar da jaririn da tsafta, kuma lokacin komawa shayarwa, in zai yiwu, likita ne zai faɗa gwargwadon maganin. Dangi su daina yi wa irin wannan uwa gorin ta hana ɗanta nono.

Batun sake ɗaukar ciki ma yana da lokaci. Bayan allurar metotireksat saboda ciki a bututu ana jira aƙalla wata 3. Bayan kemo na ciwon mabiyiya ana jira shekara 1, domin ana bin sawun ciwon ne da sinadarin nan da gwajin ciki ke nunawa, sabon ciki kuma zai rikita lissafin. Ɗaukewar al'ada lokacin kemo ba ta nufin mace ba za ta iya yin ciki ba, don haka a yi tsarin tazarar haihuwa tun kafin a fara. Maigidan da ke karɓar kemo shi ma ana so ya jinkirta, sau da yawa har wata 6 bayan kammalawa.

Yarinyar nan ba ta koma gidan iyayenta ba. A awo na gaba ta zo da mijinta, na zaunar da su na yi musu bayanin nan a taƙaice. Ya saurara, ya ce, "To Sista, fo da wanki na makon farko ƙanwata za ta riƙa yi, ni zan sayo safar hannu." Na rubuta musu kwana na 7 da na 14 na kowane zagaye a bayan katin awonta, na ce su haɗa da ma'aunin zafi idan sun je kemis.